Fankar da Ka Yi Shekara Sha Ɗaya Kana Mari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran yayana, wanda muke ciki ɗaya, mai gyaran wutar mota da kowa a layinmu ya sani da suna Mai Gwaji. Ya rasu a gadon asibiti yana da shekara sittin da uku, bayan shekara biyu yana fama da ciwon ƙoda. Ni ce autar gidanmu, kuma tela ce ni. Rubutun da na saba shi ne na awon kafaɗa da tsawon hannun riga, don haka a yi mini uzuri idan wannan ya karkace.

Yaya, ban taɓa iya ɓoye maka komai ba, yau ma ba zan fara ba. Da likita ta fito ta gaya mana, na yi kuka har muryata ta dushe, amma a ƙarƙashin kukan na ji na sauke wata ajiyar zuciya, kuma ban ji kunyarta ba. Ka huta da allurai, ka huta da kwanciya a gefen na'urar wankin ƙoda sau biyu a mako, ka huta da ƙishirwar da aka hana ka kashewa. Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne ka tafi hankalinka kwance. Kwana tara kafin rasuwarka ba haka kake ba, kuma labarin da nake so in ajiye ke nan.

Masu karatu da ba su san ka ba za su tambayi inda ka samo sunan Mai Gwaji. A aljihun rigar aikinka akwai wani ɗan ƙwan fitila da ka haɗa wa wayoyi biyu, ɗaya da matsewa a baki, ɗaya da tsinin ƙusa. Idan ka taɓa waya da tsinin, ƙwan ya kama, to wuta ta iso nan. Idan bai kama ba, ciwon yana baya. Duk wanda ya shigo garejinka da tasa fassarar, ya ce batir ne ko injin ne, amsarka ɗaya ce: a gwada tukuna. Na tuna direban motar 'yan makaranta da aka gaya wa sai an zare wayoyin motar gaba ɗaya, ya zo maka ido ya yi ja, don idan motar ta kwanta mako guda aikinsa ya tafi. Ka shiga ƙarƙashin sitiyari, ka yi kamar minti goma, ka fito da wata 'yar waya da kujera ta danne ta tsinke. Har yau mutumin nan idan ya gan ni a hanya sai ya tsaya ya gaishe ni, albarkacinka.

Ni kuwa da ka rene ni bayan rasuwar Baba, kai ka saya mini keken ɗinki na farko, kai kake gyara shi, amma ba ka taɓa yarda na taɓa kayan aikinka ba. Laifina ɗaya, ina 'yar shekara sha biyu na juya maka kan batir na ƙona wani awon gwada wuta da kake ji da shi. Shekara arba'in kana ba da labarin nan a duk taron dangi, kullum kuma hayaƙin yana ƙara yawa.

To, mutumin da ya gyara motar kowa, tasa motar fa? Tsohuwa ce mai ruwan toka, ta girmi 'yarka ta fari. Komai nata lafiya, sai fankar hita, wadda ke busa iska mai ɗumi cikin mota da jikin gilashin gaba idan an yi sanyi. Sai a murɗa makunni ta yi shiru. Sai ka miƙa hannu ƙarƙashin durowar gaba, ka kai mari ɗaya a wani wuri da kai kaɗai ka sani, nan take ta tashi tana gurnani. Shekara sha ɗaya ana haka. Idan muka yi maka tsiya sai ka ce ka san ciwonta sarai, burushi ne, ɗan gawayin nan da ke kai wuta cikin injin fankar, ya cinye, ranar da ka samu sarari aikin rabin awa ne. Sararin bai taɓa zuwa ba. Wurin marin har ya yi sheƙi, fentin ya goge.

Matarka, wadda duk muke kira Ungozoma saboda aikinta, ba ta taɓa iya marin nan ba. Ta gwada da tafin hannu, ta gwada da takalmi, fanka ko a jikinta. Da kana lafiya ba damuwa, kai kake kai ta ƙaramin asibitin da take aiki a bayan gari da sassafe. Da ciwo ya kwantar da kai, tuƙi ya koma hannunta. Hanyar nan tana da lanƙwasa biyu masu kaifi da wata gada siririya, kuma da sanyin safiya gilashi yakan yi raɓa ta ciki har ba a ganin gaba. Wata rana ta dawo ta ba ni labarin abin da ya same ta da safe. Tana tuƙi da hannu ɗaya, tana goge gilashi da gefen mayafi, sai ga babbar mota a bakin gadar, da ƙyar ta sha. Ta roƙe ni kada in gaya maka. Ni kuwa bakina ba ya riƙe irin wannan, kafin la'asar ka ji.

Daga ranar ka daina cin ɗan abincin da kake ci. Ka san kwanakinka sun ƙarato, mu ma mun sani, ba dai mai faɗa. Ba mutuwar ce ta hana ka sukuni ba, tunanin za ka bar mata motar da ba ta jin maganar kowa sai taka ne. Muka ce a kira ɗaya daga abokan sana'arka, ka ƙi ƙememe. Ka ce da wane ido za ka kalle su, a ce Mai Gwaji ya yi shekara sha ɗaya yana dukan fanka kamar jaki. Taurin kan nan na gidanmu ne, ni ma ina da rabona, shi ya sa ban ja da kai ba.

Ranar Litinin da hantsi, da rana ta ɗan yi ɗumi, ka aika a kira ni daga shago. Na tarar an fito maka da kujera tsakar gida kusa da motar, an lulluɓe ka da bargo, hannayenka sun kumbura har ba sa iya riƙe cokali. Akwatin kayan aikinka yana buɗe a gabanka. Ka dube ni ka ce, "Auta, yau zan ara hannunki. Ki yi abin da na ce kawai, kada ki yi dabara."

Na ce, "Ni da na ƙona awo?"

Ka ce, "Ai shi ya sa na ɓoye sabon."

Nufinka mu zare injin fankar mu sake burushi, har ka sa an sayo sabbi suna cikin leda. Ni ce na tsaya. Na ce ban yarda ba, shekara nawa ina jin kana gaya wa mutane a gwada tukuna, yau da aka zo kan motarka za a tsallake? Ka harare ni irin hararar da kake yi mini tun ina yarinya, sannan da ƙyar ka zaro ɗan ƙwan gwajin daga aljihu ka miƙo mini. Ban taɓa riƙe shi ba sai ranar.

Muka bi abin daki-daki yadda kake yi wa baƙi. Ka sa na buɗe akwatin fiyus na zaro na fanka na ɗaga shi a rana, zaren cikinsa lafiya lau. Ka sa na kunna mota na murɗa makunnin daga ɗaya zuwa huɗu, ko'ina shiru. Ka ce da a ce tana tashi a huɗu kawai, da ɗan ƙarfen da ke rage mata gudu ne ya mutu, amma tunda duka shiru, mu gangara wurin injin. Na kwance durowar gaba da sukudireba, na kwanta rigingine a ƙasan motar, ƙafafuna a waje, tocila a baki, mace mai shekara hamsin da biyu. Ungozoma tana tsaye a ƙofar kicin tana dariya tana cewa da ma ta ɗauki hoto.

Ka ce in nemo soket ɗin da ke kai wa injin wuta, in taɓa wayarsa ta baya da tsinin. Ƙwai ya kama. Ka ce, to ka ji, wuta tana isowa, injin ne, burushi ne, abin da ka faɗa tun shekara sha ɗaya. Ka ce in zare soket ɗin mu fito da injin. Na ja, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, sai ya fito a hannuna rabi, wani wari kamar na ƙonannen roba ya bugi hancina. Na haska. Robar ta narke ta yi baƙi, ƙarfen cikinta ya saki yana lilo, ya yi tsatsa. A jikinsa kuma, cike da ramin, busasshen ganye ne da tsummoki da audugar kujera da ɓera ya tara ya yi gida. Gefen wani tsumma har ya soma babbakewa.

Na fito da abin a tafin hannu na kawo maka. Ka ƙare masa kallo. Sannan a hankali ka sa na ɗauko dogayen wayoyi biyu, na haɗa injin fankar kai tsaye da batir. Yaya, fankar nan ta tashi da wani irin gudu, ta watso mini ganye da ƙura a fuska. Lafiyarta ƙalau. Burushin da ka yi shekara sha ɗaya kana zargi bai yi laifin komai ba.

Kai da kanka ka yi mana bayani, muryarka ƙasa-ƙasa. Ƙarfen soket ɗin ne ya saki tun farko. Duk marin da ka kai, girgiza shi kake yi ya ɗan taɓa, wuta ta wuce da tartsatsi, wurin ya yi zafi, ya ƙara saki. Fiyus kuma ba ya jin irin wannan ciwon, don haka ba zai tsinke ya ceci kowa ba. Tartsatsi a cikin busasshen ganye, a gaban gwiwar mai zama, a kan hanyar da ba kowa da sassafe. Ba ka ƙarasa ba, mu ma ba mu so ka ƙarasa. Dariyar Ungozoma ta ɗauke, ta zauna a bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

Na zaci za ka ji kunya ko ka yi fushi. Sai na ga hawaye yana bin kumatunka kana murmushi. Ka ce, "Alhamdu lillahi da kika ƙi jin maganata. Da mun sake burushi mun mayar da wannan, da na tafi na bar mata wuta a mota ina ganin na gyara."

Sauran aikin bai fi ƙarfin tela ba. Na yanke ƙonannen soket, na feɗe bakin wayoyin kamar ina farke ɗinki, na haɗa sabo da dalma kana gyara mini riƙo da baki, na naɗe, na kwashe gidan ɓera har cikin leda biyu. Aka mayar da komai. Ka ce ba ni zan kunna ba, mai motar za ta kunna. Ungozoma ta shiga ta murɗa zuwa ɗaya, iska ta taso a hankali. Biyu, uku, huɗu. Ta kashe ta sake kunnawa har sau bakwai, ba ta ƙi ko sau ɗaya ba. Ranar ka ci abinci har ka nemi ƙari, kuma da na zo mayar maka da ƙwan gwajin ka ce in riƙe. Ka ce daga yau an yafe maganar awo.

Safiyar da muka kai ka asibiti tafiyar ƙarshe, ta hanyar nan mai gada, sanyi ya yi tsanani. Kana gaba, ina baya, Ungozoma tana tuƙi. Gilashi ya fara raɓa, na ga hannunka ya ɗaga da kansa zai kai mari, sabo na shekara sha ɗaya. Kafin ya sauka ta murɗa makunni, fanka ta tashi, gilashin ya soma washewa daga ƙasa. Hannunka ya tsaya a sama. Sai ka juya tafin ka tara shi a bakin iskar, ka bar shi a nan yana shan ɗumi har muka haye gadar. Ka ce mata, "Kin ga hanya sosai?" Ta ce tana gani. Ka ce to shi ke nan, ka jingina kai ka rufe ido.

Jiya, da yake Ungozoma tana takaba, na shiga motar don in ɗan tayar da injin kada batir ya kwanta. Na sa hannu ƙarƙashin durowa na shafa wurin da fentin ya goge, daidai faɗin tafinka. Ban mara ba. Na murɗa makunni kawai, fanka ta amsa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka gafarta masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka saka masa da Aljanna Firdausi saboda duk wanda ya mayar gida lafiya da aikin hannunsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ungozoma, wadda ta yi jinyarsa shekara biyu ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, da 'ya'yansa uku, da jikokinsa, da abokan sana'arsa waɗanda yau suka ji sirrin da ya ɓoye musu, ina roƙon su yi masa dariya kaɗan su yi masa addu'a da yawa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya tsare Ungozoma a kan hanyarta kowace safiya, ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.