Firjin Inna Zubaidatu

Kimiyya ta gama da amosanin gaɓɓai. Haka Dakta Raed ya faɗa, kuma likita ba ya magana a banza. Mai ciwo ya zaɓa kawai: ƙwaya kullum, ko allura duk mako biyu.

Inna Zubaidatu ba ta karanta kimiyya ba. Shekara ashirin da uku tana goge daɓen wani ƙaramin asibiti a unguwar Nuzla ta Jidda, tana yi wa matan unguwa tafinta kyauta, da yamma ta sayar da zoɓo mai sanyi a ƙofar gida.

Sai ga Ilham mai ƙunshi, yatsu sun kumbura har ba ta iya matsa ledar lalle, ga shi da hannun nan take ci. Ƙwaya ta ƙi jikinta, aka mayar da ita kan allura. Wata uku shiru. Dakta ya rubuta cewa ita ma allurar ba ta karɓe ta ba.

Inna ta bi ta har gida.

"Ke 'yar nan, ina kike ajiye allurar?"

"Can saman firji, Inna, wajen ƙanƙara. Ba an ce tana son sanyi ba?"

"Sanyi aka ce, ba a ce ki daskarar da ita kamar kaza ba! Halas, shi ke nan, kin kashe ta. Ta gaba a gidana za ta zauna."

Ashe su bakwai ne a unguwar masu wannan hikima. Ta takwas ma ƙarƙashin katifa ta ɓoye tata, kusa da iƙama, katinta na zaman ƙasa, don abu mai tsada ne.

Inna, ke ce kika kwashe jarkokin zoɓonki, kika jera allurai takwas a tsakiyar firji, kowace da zare mai launin mai ita, tunda rubutu bai dame ki ba. Ke ce mai aikawa a tuna musu ranar allura.

Yau Ilham na yi wa amare ƙunshi har unguwar Madain Fahd. Dakta kuwa ya bayyana wa taron likitoci cewa bincikensa ya nuna allura ta fi ƙwaya. An yi tafi sosai. Ba a ambaci firji ba.

Mun gode, Inna, Allah ya biya ki. Mai firji a unguwar nan, ya duba ko da sauran wuri a ciki.

Zoɓon dai yanzu a bokiti yake wuni. Jiya ma kafin la'asar zafin Jidda ya sa ya yi tsami. Ta zubar a kwata, ta ɗauraye bokitin, ta kife.