Ƙunzugu a Ƙarƙashin Tabarma

A daminar da 'yan bindiga suka tashe mu daga Zugu, ni da Inna muka sauka gidan goggona a Gummi. Ɗaki guda muka cika da mata da yara, ko tari ka yi sai wata ta ce maka sannu. Mijina yana can wajen haƙar zinariya ta ɓangaren Anka, sai hanya ta lafa yake hawo babur ya leƙo mu, goggo ta kwashe buhunan da ke ɗakin ajiya ta bar mana. A lokacin ba abin da nake so a duniya irin haihuwa. Tunda na yi ɓari sau ɗaya shiru, kullum wata ya kama sai in hau lissafi, jini ya zo in yini ina jin haushin kowa.

Tun ina budurwa Inna ta kafa mini doka a kan ƙunzugu, tsumman da muke tare jinin al'ada da shi. Ba a shanya shi inda ido zai gani, don mai mugun nufi na iya yankar ƙyalle ya kai a ɗaure wa mace mahaifa. A Zugu ina da lungu bayan rumbu inda rana ke faɗawa. A Gummi kuwa ina lungu? Tsakar gidan kamar kasuwa. Sai in wanke a gurguje a makewayi, in matse, in cusa ƙarƙashin tabarma. Damina ce, ba ya bushewa. Haka nake ɗauko shi da danshinsa da ɗan warin rima in mayar jikina, ina ganin haihuwata nake karewa.

Ƙaiƙayi ya fara. Ban iya zama waje ɗaya, in tashi in zauna, in ɗauki tsintsiya in share inda aka riga aka share. Goggo ta riƙa tsokanata wai ko tururuwa na taka. Na yi tsarki da ruwan bagaruwa, na sha jiƙo iri-iri, sai ga wani ruwa mai wari, mara kuma ta ɗauki ciwo. Da fitsari ya koma yi mini zafi na saka hijabi na tafi asibiti ban gaya wa kowa ba.

Ma'aikaciyar da ta duba ni ba ta da wasa, amma ba ta kunyata ni ba. Ta tambayi abin da nake sawa da inda nake shanyawa, na faɗa mata, ta girgiza kai. Ta ce jikin mace yana da nasa ƙananan ƙwayoyin halitta masu tsaron wurin, su ke hana baƙin ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Tsumma mai danshi da jinin da ya daɗe a jiki suna raunana su, wanke ciki da jiƙe-jiƙe kuma yana ƙara korar su. Na ji sanyi a raina, na ce ashe laifin tsumma ne kawai.

Ta ce a'a. Tsumma ya sauƙaƙa wa cutar shiga ne, amma wannan da ta gani ta wurin kwanciya ake ɗaukarta. Ta ba ni magani kashi biyu, nawa da na maigida. In bai sha ba, zai sake mayar mini, in kuma cutar ta daɗe tana iya hawa sama ta toshe hanyar haihuwa.

Na kamo hanyar gida. Ina isa na wanke ƙunzuguna duka na baza a igiya, tsakiyar rana. Inna ta taso da gudu.

"Ke ɗiyag ga, kin haukace? Mi kika yi haka gaban mutane?"

"Inna, bar su su sha rana. Wanda ka son yanka shi yanka."

Ta lulluɓa musu tsohon zane, ta zauna kusa tana gadi har suka bushe. Ban hana ta ba.

Saura maigida. Na shanye nawa maganin, nasa yana ƙulle a bakin zanena. Duk babur da ya tsaya a ƙofa sai in tashi in leƙa. Na shirya maganar a raina ta fi a ƙirga, har na yanke cewa zan ɗora laifin a kan tsumma don kada ya ji na zarge shi. Tausayinsa ma nake ji, ina cewa bawan Allah yana can cikin rami bai san abin da ke jikinsa ba.

Ya iso wata ranar da hantsi, duk ya yi baƙi ya rame. Da ya ci abinci na bi shi ɗakin ajiya da kofin ruwa, na kwance ƙullin, na yi masa bayani ina inda-inda. Ya karɓi kwalin ya juya shi, ya ɗan yi murmushi.

"Ai na san wanga. Irin shi na sha a kemis can Anka tun kahin salla, sadda hitsari ka yi min zahi. Ni na warke."

Kafin salla. Bayan sallar nan ya zo Gummi ya kwana, ya tafi, ya sake dawowa, bai ce mini komai ba. Ni kuwa ina nan ina ɓoye tsumma don kada wani bare ya taɓa mini mahaifa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, har na kasa ɗaga murya.

"Ka sani, kuma ba ka hwaɗa min ba?"

"To mi za ni ce miki?"

Na miƙa masa ruwan na ce ya sha a gabana, ya sha. Yana haɗiyewa ina tunanin watannin nan da cutar ta yi a cikina, da inda ta kai, abin da ma'aikaciyar ma ta ce ba ta iya faɗa mini ba tukuna.