Yadda Kala-Kala Ta Koma Toka

Tun tana budurwa ake kiranta Kala-Kala, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Idan ta fito da safe za ta ofis, sai ka ga riga ruwan ɗorawa a kan koren siket, ga jan ɗankwali an karkata shi gefe guda, 'yan kunne suna lilo. Da a jikin wata ne, sai a ce ta taɓu. Ita kuwa sai kayan su zauna mata daram. Mai gadin ofishinsu yakan ce, "Ke dai in kin shigo, ko an ɗauke wuta ba ma sani."

Aikinta buga takardu da tafireta, a wani dogon ɗaki mai fanka ɗaya da ke kuka kamar za ta faɗo. Hannunta da sauri, kuma da wuya a maido mata da takarda saboda kuskure. A ofishin nan ta haɗu da mijinta, direban da ke kai saƙo rassa, mutum ne shiru-shiru wanda sai ya wuni bai yi jimla biyar ba. Abokan aiki suka riƙa tsokanarsa, wai ya auri fitila don ya huta da sayen kananzir. Shi dai sai murmushi.

Bayan ta haifi 'yarta ta fari, aka ce ana neman sakatariyar manaja daga cikin masu buga takardu. Kowa ya ɗauka ita za a ba. Ranar da manya suka zauna a kan maganar, aka aike ta kai musu wasu takardu. Ta iske ƙofar ba a rufe sosai ba, ta ji muryar mataimakin manaja.

"Aiki kam ta iya," in ji shi. "Amma sakatariya ita ce fuskar ofis. Baƙo ya shigo ya tarar da wannan a zaune, ai sai ya zaci gidan rawa ya faɗo."

Aka kwashe da dariya. Ta tsaya a bakin ƙofa har dariyar ta lafa, sannan ta ƙwanƙwasa, ta ajiye takardun, ta fito. Wata aka ba muƙamin, wadda ita Kala-Kala ce ta koya mata sa takarda a tafireta.

A gida ta kwashe labarin ta gaya wa mijinta, tana kuka. Can ya ce, "To, ki ɗan rage mana, ki gani." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, amma ita ta ji kamar da shi aka yi dariyar.

Ba ragewa ta yi ba, kwashewa ta yi gaba ɗaya. Ta cika jaka da kayanta masu launi ta kai wa ƙanwarta. Ta sayo yadi ruwan toka, da ruwan ƙasa, da shuɗi mai duhu, ta ce wa tela ya yi mata ɗinki ba ado, ba aljihu, ba komai. Da ta shiga ofis da su, mai gadi ya tambaye ta ko rasuwa aka yi. Ta wuce kujerarta.

Abin da ya ƙara ɗaure ta shi ne, dabarar ta ci. Ba a jima ba waccan sakatariyar ta bar aiki, aka kira Kala-Kala aka ba ta kujerar. Manaja da kansa ya ce ta natsu yanzu. Daga nan ta yarda cewa ta gano yadda duniya take: kaya ake fara gaisarwa, sannan mai kayan.

Ta daɗe a kujerar nan, manajoji suna zuwa suna wucewa. Sababbin ma'aikata ba su san tsohon sunanta ba. A bayan idonta Anti Toka suke ce mata. Kafin yarinya ta buɗe baki ta yi gaisuwa, ta riga ta auna ta daga ɗankwali har takalmi. Ta taɓa mayar da wata gida saboda jan takalmi, tana cewa, "Don kanki nake yi. Wata rana za ki gode mini." Yarinyar ba ta sake dawowa aikin ba.

'Ya'yanta uku, kuma autar ce ta ɗauko ta sak. Tun tana ƙarama take bin shagon telan unguwa tana tsintar ƙyallaye, ta haɗa wannan da wancan. Da ta girma ta koyi taka tsohon keken ɗinkin kakarta. Ranar da za a yi taron kammala sakandarensu, ta fito daga ɗaki da rigar da ta ɗinka da kanta, ruwan lemo da shuɗi mai haske, an bi wuyan da wani siririn kore. Ta juya a tsakar falo.

"Mama, ya kika gani?"

Kala-Kala ta gani sarai. Rigar ta yi kyau matuƙa. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Koma ki cire. Ba za ki mayar da kanki abin dariya a gaban mutane ba."

"Baba, ka ji fa," in ji Auta, ido ya ciko.

Uban yana zaune yana goge takalmi. Ya dubi 'yar, ya dubi uwar, ya ce, "Ki bi maganar mamanki."

Da Auta ta ce tana so ta karanci zanen tufafi, uwar ta ce ba da ita ba. Ta nema mata karatun aikin ofis, daga baya ta yi mata hanya a wani kamfanin inshora.

Shekaru suka tafi, ita da mijin duk suka yi ritaya. Ciwo ya kwantar da shi a asibiti, tana jinyarsa. Wata rana da hantsi wata mai sharar ɗakin ta shigo da ɗankwali ruwan ɗorawa a saman kayan aikinta. Ya bi ta da kallo har ta fita.

"Maman Auta," ya ce, "wai me ya sa kika daina sa irin wannan?"

Ta ajiye kofin da ke hannunta. "Kai ne za ka tambaye ni? Ba kai ka ce in rage ba?"

"Ni?" Ya yi ta lalube a ransa. "Wallahi ban tuna ba. In ma na faɗa, don ki daina kuka ne. Ni da nake tsayar da mota a ƙofar ofis don kawai in ga shigowarki."

"To, me ya hana ka faɗa, duk shekarun nan?"

"Na zaci ke ce kika gaji da su."

Ta so ta yi masa faɗa, amma ta ga yadda hannunsa ya rame a kan bargo, sai ta gyara masa matashi kawai. Bai tashi daga wannan ciwon ba.

Bayan rasuwarsa ta je ta yi kwanaki a gidan Auta, wadda yanzu ita ce shugabar sashensu a kamfani. Da safe ta ga 'yar ta fito cikin baƙar kwat da siket, tsaf, ba abin da za a kushe. Suna karyawa, uwar ta yi ta juya cokali a kofi kafin ta iya magana.

"Auta, kina ɗan taɓa ɗinki kuwa har yanzu?"

Auta ta yi dariya. "Wane ɗinki, Mama? Keken ma na bayar tuntuni. Ai kin yi mini gata. Da kin biye mini, da yanzu ina can shago ina faɗa da masu kawo ɗinki."

Ba gatse a muryarta. Har cikin zuciyarta take godiya. Wannan ne ya hana uwar ƙarasa abin da ta zo da shi.

Ranar da za ta koma, Auta ta miƙo mata leda. Yadi ne mai tsada, mai laushi, ruwan ƙasa.

"Na sha yawo kafin in samo," in ji ta. "Na san irin kalar da kike so."

"Allah ya yi miki albarka," in ji uwar.

Ta kai yadin wurin tela. Ya shimfiɗa shi a kan tebur, ya yaba, ya rataya tef a wuya, ya tambaye ta wane irin ɗinki za a yi. Ta ɗan jima tana kallon ƙyallayen da suka zube a ƙarƙashin kekensa.

"Yadda aka saba," ta ce.