Magen Auta da Ganawar Unguwar Dosa

A shekarar da na kammala jami'a, ina zaune a gidanmu na Malali ina jiran a kira mu bautar ƙasa, ƙanwata, wadda duk gidan muke kira Auta, ta sami gurbin karatu a Sakkwato. Ta tafi da akwatunanta da bokiti da risho, ta bar mana mage guda ɗaya, fara mai dabbare-dabbaren baƙi, wadda ta raina tun tana jaririya. Kafin motar ta tashi, sai da ta sa Baba ya yi mata alkawari cewa idan ta dawo hutu za ta tarar da magen a gida kuma cikin ƙoshin lafiya. Ina tsaye a wurin, saboda haka zan iya ba da shaida cewa da farko "in sha Allahu" kawai ya ce, sai da ta ƙi rufe ƙofar motar sannan ya ƙara da "na yi alkawari". Mama ta ce a tare ya faɗe su, ba tare da an matsa masa ba. Na fi amincewa da abin da na tuna, amma na kawo nata bayanin domin adalci.

Ba a daɗe ba magen ta canza. Ba zan ce ta daina cin abinci ba, domin hakan ba daidai ba ne. Takan zo wurin kwanonta da ke gindin tankin ruwa, ta shinshina, wani lokaci ta lasa, sannan ta juya ta koma bakin ƙofar ɗakin Auta ta kwanta. Da rana takan yi wani irin kuka mai tsawo, kamar mai kiran wani daga nesa. Sannu a hankali haƙarƙarinta ya fara bayyana. Muka kai ta wurin likitan dabbobi, ya dudduba ta ya ce bai ga wata cuta ba, mai yiwuwa kewa ce. Yana wanke hannu ya ƙara da cewa wasu sukan samo wa irinta 'yar uwa. Bai ce mu samo ba. Na sha nanata wannan bambanci a gida, amma ba wanda ya kula.

Baba ya yi ritaya ne a matsayin mataimakin darakta a wata ma'aikatar jiha, kuma bai taɓa yanke hukunci a kan komai ba sai an nazarci lamarin. Da yake ƙididdiga na karanta, kuma ba ni da aikin yi, ni aka ɗora wa nazarin. Na yi kwanaki ina karance-karance a waya. Wasu masu maguna sun ce da suka kawo ta biyu, ta farkon ta warware har tana wasa. Wasu sun ce da suka kawo ta biyu, ta farkon ta haye saman kabad ba ta sake saukowa da daɗin rai ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya faɗi yadda ya auna abin da yake da'awa. Na zo falo bayan la'asar na gabatar wa Baba da duka ɓangarorin biyu.

Ya ce, "To mece ce shawararka?"

Na ce, "Baba, bayanan da ke hannu ba su isa a yanke hukunci ba."

Ya gyaɗa kai da alamar gamsuwa, ya ce haka ake rubutawa a ofis, kuma karatuna bai tashi a banza ba.

Mama tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ce, "Alhaji, ɗaya ta ƙi ci, za ka kawo ta biyu ta cinye na ɗayar, ta haɗa da kifina. Ni ban ga inda aka ci riba ba."

Ya ce, "Hajiya, an ji ra'ayinki, za a yi la'akari da shi."

"A yi la'akarin da sauri, kafin ta mutu a ƙofar ɗakin yarinya."

Wannan maganar ce ta motsa shi, domin duk ƙarshen mako Auta takan bugo waya, kuma tambayarta ta farko bayan gaisuwa ita ce magen. Baba ba ya ƙarya. Abin da yake cewa shi ne, "Ana kula da ita," ya miƙa wa Mama wayar.

A daidai lokacin ne magen Gwaggo ta haihu. Gwaggo yayar Baba ce, tana zaune a Unguwar Dosa a gidan marigayin mijinta, kuma ita kaɗai ce a duniya take yi wa Baba magana kamar bai taɓa riƙe muƙami ba. A wurinmu ba a sayen mage, roƙa ake yi a ba ka. Kuma kowa ya san yadda ake ɗaukar ta: a cikin buhu ake sa ta a ɗaure bakin sako-sako, don kada ta ga hanya ta koma inda ta fito. Gwaggo ta aiko cewa in 'ya'yan sun isa yaye mu zo da buhu mu ɗauki ɗaya, magana ta ƙare.

A wurin Baba magana ba ta ƙare ba. Ya ce a shekarun da ya yi yana aiki ya ga abin da ke faruwa idan aka haɗa mutum biyu a ofis ɗaya ba tare da an tuntuɓi wanda aka tarar ba. Ya san wasu biyu da suka yi zaman tebur da tebur har ritaya, ba su taɓa gaisawa ba sai ta bakin masinja. Saboda haka ba za a kawo wa magen Auta abokiyar zama ba sai an kai ta ta gana da 'ya'yan, an ga wadda jininsu ya haɗu. Batun buhu kuwa ya ce camfi ne, kuma ba zai cusa amanar 'yarsa a buhun masara ba.

Ranar wata Asabar da hantsi muka sa ta a kwandon wanki na roba, irin mai huji-huji, na rungume shi a kujerar gaba, Baba yana tuƙi a hankali kamar yadda ya saba. Tsakanin Malali da Unguwar Dosa ba nisa. Magen ta dafa bakin kwandon ta leƙa waje tun daga ƙofar gidanmu har ƙofar gidan Gwaggo. Ban san abin da ta gani ba, kuma ban san abin da ta riƙe ba. Abin da zan iya cewa shi ne idonta a buɗe yake.

Gwaggo tana zaune a tabarma a tsakar gida da kwanon dambu da kifi a gabanta. Ta dubi kwandon, ta dubi Baba.

"Ina buhun?"

"Yaya, ba ɗauka muka zo yi ba tukuna. Ganawa muka kawo ta."

"Ganawa! Ikon Allah. Kai kuma mai digiri, kana kallo aka ɗauko mage ido buɗe aka ratsa gari da ita? Me aka koya muku a jami'ar?"

Na ce ban ci karo da wani bincike a kan buhu ba. Ta ce in zauna kafin in faɗi wata maganar.

Aka kawo wa Baba kujera, aka fito da 'ya'yan magen su uku daga bayan turmi aka ajiye a gabansa. Na sauke kwandon. Magen Auta ta fito, ta tsaya, ɗaya daga cikin 'ya'yan ya nufo ta yana tangaɗi, ta kai masa mari guda ɗaya a ka, ta wuce. Sauran biyun ko kallonsu ba ta yi ba. Baba ya ce kada a yi gaggawar fassara wannan.

Gwaggo ta ci gaba da cin dambunta tana yi masa faɗa a kan wani taron suna da bai je ba. Tana cikin magana, ba tare da ta duba ba, ta gutsuro kifi da hannu ta ajiye a gefen tabarma. Magen Auta ta matso ta cinye. Gwaggo ta sake ajiyewa, ta sake cinyewa. Haka suka yi har kwanon ya ƙare, sannan magen ta kwanta a jikin ƙafar Gwaggo ta lumshe ido. A lokacin ne na tuna cewa Auta ba ta cin abinci a tebur tare da mu. A ƙasa take zama a ɗakinta, tana ci tana surutu, magen tana gefenta. Na faɗi hakan a mota muna komawa. Baba ya ce abin lura ne, amma shi a ganinsa kasancewar 'ya'yan a wurin ne ya buɗe mata ciki, kuma za a sake zama na biyu kafin a zaɓa.

Ba a yi zama na biyu ba. A gida magen ta koma ƙin cin abinci. Na shimfiɗa tabarma na zauna a ƙasa na gutsura mata kifi da hannu, ina ƙoƙarin yi mata hira, amma ban san me ake ce wa mage ba, sai na riƙa ba ta labarin jinkirin kiran bautar ƙasa. Ta ci loma ɗaya ta tashi. Mama tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya zaman ƙasa. Baba ya tsaya a kan magen da kifi a cokali, wannan ma bai yi ba.

Wata safiya aka nemi magen aka rasa. Baba ya sa babbar riga ya bi maƙwabta gida-gida yana sallama yana tambaya, mutanen da wasunsu bai taɓa shiga gidajensu ba sai ta'aziyya. Ya duba kwalbati, ya duba kangon da ke bayan layinmu. Ya dawo ya zauna bai karya ba. Wajen azahar wayarsa ta yi ƙara, Gwaggo ce, muryarta har inda nake zaune.

"Darakta, 'yar ganawarka ta dawo. Ga ta nan a kan tabarmata ta cinye mini rabin kifi."

Ban ga tafiyarta ba, don haka ba zan iya bayyana hanyar da ta bi ba, ko yadda ta tsallake titi. A wannan karon Baba da kansa ya nemi buhu a sito. Muka dawo da ita a ciki. Gwaggo ta ce wahalar banza muke yi, wadda ta riga ta ga hanya buhu ba ya mantar da ita. Kafin mako ya zagayo ta sake komawa. Ko da an sa ta a buhu tun farko da hakan ba ta faru ba? Gwaggo ta ce tabbas. Ni ba ni da hujjar da zan tabbatar ko in musanta, domin sau ɗaya aka yi abin, kuma babu wata magen da za a gwada da ita.

Baba ya tara mu a falo, ni da Mama. Ya ce ya sake duba alkawarin da ya ɗauka, ya ga kashi biyu ne: a gida, da kuma ƙoshin lafiya. Idan aka kulle magen a ɗakin Auta har hutu, an cika na farko. Idan aka bar ta a Unguwar Dosa, an cika na biyu. Ya tambaya ko akwai wanda ya ga hanyar cika duka biyun.

Mama ta ce, "Alhaji, ka fi ni sanin abin da addini ya ce a kan wanda ya kulle mage ta galabaita. Ba a gidana ba."

Sai Baba ya ce in kira masa Auta. Ban taɓa ganin ya kira ta da kansa ba sai ranar. Bayan sun gaisa, bai jira tambayarta ba.

"Auta, rabin alkawarinki na iya cikawa. Magenki ta koma gidan Gwaggonki da zama. Ni na kai ta, ta ga hanya."

"Baba, tana cin abinci?"

"Tana ci. Har ta yi ƙiba."

Na matso kusa da wayar na ce ƙiba ta yi yawa a faɗa, amma dai haƙarƙarin ya ɓuya. Layin ya yi shiru. Ban sani ba ko kuka take yi ko matsalar sabis ce, domin a ɗakin kwanansu sabis ba shi da ƙarfi. Da muryarta ta dawo sai ta ce ba komai, a bar ta a can. Ta ce in an yi hutu za ta sauka a gidan Gwaggo ta yi 'yan kwanaki tukuna, sannan ta ƙaraso gida.

Baba ya ce, "Kwanaki kamar nawa?"

"Sai na gani, Baba."

Ya ce Allah ya kai mu, ya miƙo mini wayar.

Da hutun ya zo, a Unguwar Dosa ta sauka kamar yadda ta faɗa, kuma fiye da rabin hutun a can ta yi shi. Baba bai ce ta dawo ba. Kullum bayan la'asar sai ya ce in ɗauko makullin mota, akwai maganar da zai yi da Yaya. Mukan tarar da su uku a tsakar gida, Gwaggo da Auta da magen, mu zauna har a kira magariba. A rana ta uku ko ta huɗu, ban riƙe daidai ba, Gwaggo ta dube shi yana gyara zama a kujera ta ce, "Gobe ka taho da Hajiya, in san adadin mutanen da nake dafa wa."

Washegari da Mama muka je.