Jan Zaren Kolo

Kolo ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha tara yana yi wa dabbobi allura, daga Bande har Sassumbrum, akwatin ƙanƙara ɗaure a bayan moto, wato babur. Ko ruwan sha bai yarda in sanyaya a akwatin nan ba. Kullum zancensa ɗaya: "Yaya Kande, magani in ya ji zafi ya mutu."

Shekarar da haukan kare ya kashe mutum biyu a wajenmu, aka ce a yi wa karnuka da kyanwoyi rigakafi. To, akuya ana tsaga mata kunne a gane an yi mata. Kyanwa fa? Wa zai tsaga kunnen kyanwa ya tsira da idonsa? Sai Kolo ya yi dabara: duk wadda ya yi wa allura, ya ɗaura mata jan zare a wuya.

Magani ya ƙare tun bai iso unguwarmu ba. Maƙwabtana Hinda da Balkisu suka sa ni gaba, wai ni ce yayar likita, in taimaka. Ni kuwa wallahi na ɗauka zaren ma yana da nasa aikin, kamar laya. Ga jan zare cike da kwandon ɗinkina. Na ɗaura wa kyanwata, na ɗaura wa nasu, na ba duk wadda ta roƙa. Ana ta sa mini albarka, ni sakarya ina washe baki.

Bayan wata biyu manyansa suka zo a mota, za su ɗebi jinin kyanwoyi su auna ko allura ta kama jiki. Suka tambaye shi alama. Ya bugi ƙirji ya ce duk mai jan zare. Suka ce ya zauna gida, kada ya zaɓa musu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, unguwarmu suka shigo.

Cikin goma, takwas babu ɗigon magani a jininsu. Aka ce ruwa Kolo ya yi ta ɗura musu, maganin kuwa ya tsallaka iyaka ya sayar. Suka karɓe akwatin.

Na wanke ƙafa har birensu, wato ofishin manyan, na rantse na maya cewa ni na ɗaura zaren. Wani mai tabarau ya yi murmushi ya ce, "Inna, ai dole ki kare ɗan'uwanki." Hinda da Balkisu kuwa, munafukan Allah, suka ce ba su san zancen ba. Har yau abin yana cin raina.

Yanzu Kolo wake yake nomawa. A kasuwa ana kiransa Kolo mai allurar ruwa. Bai taɓa zagina ba. Da ya zage ni da na huta.

Ran Juma'a ya zo gaishe ni, kyanwata ta zo tana goga jiki a ƙafarsa. Ashe ni mara kunya ko cire zaren ban yi ba. Ya sunkuya ya kwance shi a hankali, ya duba, ya miƙo mini.

"Ungo, Yaya, naki ne. Ni ba haka nake ƙulli ba."