Rigunan da Allura ta Rage

'Yar kawuna ce, kuma tun muna yara nake kiranta Allura, don idan ta juya ta tsaya ta gefe sai ka nemi inda ta shiga. Ta sha rantsuwa za ta fasa mini baki a kan sunan nan, ga shi yau har mijinta da shi yake kiranta. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, Innarmu ce ta riƙe ta. Tabarma ɗaya muke kwana, ni ina shure-shure, ita tana ɗinka wa 'yar tsana riga da zaren da ta zaro daga gefen zanen Inna. Da ta girma ta zama tela, irin wadda za ta dube ka sau ɗaya ta san faɗin kafaɗarka, har da na kakanka da ke kabari.

Aure ya kai ta can ƙarshen gari, inda sai ka hau mota ka sauka, ka sake hawa, sannan ka taka har takalminka ya fara ba ka haƙuri. Gidan haya ne, ɗaki ɗaya: gado a kusurwa, keken ɗinki a bakin taga, buhun ƙyallaye a ƙarƙashin tebur, ga igiya daga bango zuwa bango an rataye kayan mutane. Mijinta direban babbar mota ne. Yakan zo da warin mai, ya yi barci kamar an biya shi, ya ɗauki jaka ya koma hanya. Sauran 'yan haya kuwa da safe kowa ke kulle ƙofarsa ya fice nema. Sai ita da famfon tsakar gida mai ɗiga.

Da ta haihu sai gidan ya samu famfo na biyu, kuma sunan da na sa wa yarinyar ke nan. Na ga tumbuɗi a duniya, amma ban taɓa ganin irin na Famfo ba. Ta sha cokali ta mayar da bokiti. Idan aka kwantar da ita sai ta gantsare, ta ƙanƙame hannu, ta tsala kukan da zai sa kazar maƙwabta ta fasa ƙwai. Ba ta barci sai a kafaɗa, saboda haka Allura ta koyi barci a zaune, bayanta a bango, kamar mai jiran mota a tasha. Kowa ya ji labari sai ya ce ai tumbuɗi ba ciwo ba ne, alamar ƙoshi ce. Har ni na faɗa, ni da ko mage ban taɓa raino ba.

Masu ɗinki suka fara janyewa. Wata ta zo karɓar leshinta ta tarar Famfo ta sa masa hannu da tumbuɗi a gaba, ta tafi ba ta ko yi sallama ba. Wata ta gaji da "ki dawo jibi". Igiyar nan ta yi ta raguwa har ta koma wurin shanya tsummokaran goge baki.

Mu dai hankalinmu kwance. Duk ranar da Inna ta daure wa ciwon gwiwarta ta je, sai ta tarar da yarinya tsaf cikin riga mai kyau, hannu daidai, wuya daidai, babu inda ya yi mata yawa. Ta dawo tana cewa jikarta ta cika rigarta, ƙaramin jiki ne kawai irin na uwarta. Direba ma idan ya kira ta wayar hoto daga wata tasha, haka yake gani, ya yi dariya ya ce a gaishe da Hajiya Famfo. Wanda ya ga riga ta zauna a jikin yaro, ina zai kawo wani abu a ransa?

Ni abin da ya kai ni ranar, gaskiya, ba zumunci ba ne. Riga ce ta matse ni, na ce bari in kai wa Allura ta buɗa mini a kyauta, kamar yadda na saba. Na same ta da rana tsaka tana zagaya ɗaki da yarinya a kafaɗa, idonta ya faɗa har za ka iya ajiye goro a ciki. Na ce mata in tana neman haya a kabari ne in yi mata magana da dillali. Ta yi murmushi da rabin baki, ta miƙo mini Famfo don ta duba rigar tawa. Ko zama ban gama yi ba, yarinya ta yi mini wanka daga wuya har cinya.

Ina mita na tuɓe mata rigarta don in sake mata wata. Rigar ta fito a juye, shi ne na ga cikinta. Ɗinki ne layi bayan layi a kowane gefe, wani a cikin wani, kowanne ya fi na bayansa matsowa, an yi shi da kyau yadda ko kai ne ka saka ba zai sosa ka ba. Na dubi yarinyar a kan cinyata babu riga. Haƙarƙarinta a fili, fatar cinyarta ta yi laushi ta nannaɗe kamar safar da ta yi wa ƙafa yawa. Na jawo wata rigar daga kan gado na juya, ita ma haka.

"Allura, mene ne wannan?"

Ba ta ɗago daga rigata ba. Ta ce farko wata mai kawo ɗinki ce ta dubi yarinyar ta ce riga na yawo a jikinta, ko dai nonon uwar ne ba shi da kyau. Da matar ta fita, sai ta ɗan rage rigar, kaɗan, don kada wani ya sake faɗa. Bayan kwanaki rigar ta sake yin yawa, ta sake ragewa. Daga nan hannunta ya saba. Na tambaye ta me suka ce a wurin awon jarirai a asibiti. Ta ce ta daina zuwa.

"Sikeli ba yadi ba ne," in ji ta. "Ba zan iya rage shi ba."

Ta ce idan ta sa mata rigar ta ga ta zauna daidai, har ita kanta takan yarda na ɗan lokaci. Ta ce Gwaggo, wato Innarmu, ta riga ta yi wahalarta sau ɗaya, ba za ta sake ɗora mata wata ba. Direba kuma yana kan hanya da kaya, mai tuƙi ba a cika masa kai. Sai ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Ni fa. Ni da in na riƙe magana daga ɗaki zuwa zaure sai an yi mini fifita.

Washegari na tasa ta gaba zuwa asibiti. Malamar awo ta ɗora Famfo a sikeli, ta duba, ta sake dubawa, ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi yadda ake ba ta nono. Allura ta ce takan cika mata ciki taf, don ta samu ta yi dogon barci ita kuma ta hau keke, sannan ta kwantar da ita nan take. Malamar ta ce cikin yarinyar ba ya riƙe da yawa. A riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, a kai a kai, a sa ta yi gyatsa, a riƙe ta a miƙe ta jima kafin a kwantar da ita a rigingine. Likita ma ya duba ta. Suka ce a dawo awo, in sikeli bai motsa ba za a ba su gado. Malamar ta tambayi wa ke taya ta a gida. Allura ta dubi ƙasa.

Ban faɗa wa Inna komai ba, na cika alkawari. Rigar kawai na kai mata a juye na ajiye a cinyarta. Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe, sannan ta ce in nemo mata mayafinta.

Kada in yi muku ƙarya in ce daga nan ɗakin ya cika da mutane. Inna ta yi kwanaki, gwiwa ta kore ta. Ni nakan je in na samu sarari, in karɓi nawa wankan in dawo. Direba da ya ji a waya, ya ce zai zo da zarar ya sauke kaya. Yawancin yini dai ita kaɗai ce, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, yarinya a kafaɗa, keke a lulluɓe da tsohon zane. Na tabbata da a miƙe ta yi tafiyar nan, da ta riski mijinta ta wuce shi.

Ranar komawa awo tare muka je. A layi sai shafa bayan yarinyar take yi. Aka ɗora Famfo, ta tsala kukanta, malamar ta duba ta ce ta ƙaru. Kaɗan ne, amma gaba ta yi, ba sai an kwantar da su ba, a ci gaba a dawo. Na ce ai nauyin kukan ne aka auna. Allura ta make ni a kafaɗa.

Da muka koma ɗaki ta cire wa yarinyar riga, sai ga ɗan jan layi a hammata inda ɗinki ya kama ta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙo mini Famfo, ta zauna a bakin taga, ta ɗauki reza ta farke layin ciki, ɗaya tak, a hankali, tana tsince zaren tana tarawa a gwiwarta. Sauran layukan suna nan suna jira.

La'asar ta yi, dole in kama hanya kafin mota ta yi wuya. Ta ba yarinyar nono kaɗan, ta ɗora ta a kafaɗa, ta rako ni iyakar ƙofar ɗaki. Duk ƙofofin gidan a kulle suke, ba wanda ya dawo tukuna. Da na kai bakin zaure na waiwaya, ta riga ta juya ta ci gaba da zagayenta.