Tarhon Ɗakin Kaka

Jiya jikata ta sa wa wayarta irin ƙarar tarhon zamanin da, mai kama da ƙararrawar keke. Ina ji sai ga ni a ɗakin Kaka a Daura, ina yarinya, na naɗe ƙafa kan tabarma ina jiran wannan ƙarar.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ne. Mahaifiyata ta rasu, Baba kuma ya sami tuƙin tanka a Fatakwal, ya bar ni hannun mahaifiyarsa. Kafin ya tafi sai da ya yi ta zarya ofishin waya har aka jawo mana tarho, baƙi wuluk, mai nauyi kamar dutsen guga. Ya ce duk Juma'a in an sauko masallaci zai kira.

Kaka ba ta wasa da ranar. Takan share ɗaki, ta sa turaren wuta, sannan ta ɗaga kan tarhon da hannu biyu ta kwantar da shi a kan sabon faifai, bakinsa na kallon sama. Sai mu zauna mu zuba masa ido har la'asar. Ko tari ba ya yi. In an kira salla ta mayar da shi mazauninsa, ta ce, “Allah ya sa lafiya.”

Da damina wani direba ya kawo saƙo cewa Baba na ta kira, ba ya shiga. Aka ɗauko mai gyara ranar wata Talata. Ya hau falwaya, ya bi waya har cikin ɗaki, ya sa aka bugo daga ofishinsu, tarho ya ɗauki ƙara har kaji suka watse.

“Hajiya, lafiyarsa lau,” in ji shi.

“Ja'irin abu,” in ji Kaka. “Sai gaban baƙo yake da baki.”

Tunda tarho lafiyarsa lau, sai na yanke cewa Baba ne ya manta da ni. Na yi fushi da shi, fushin da ba ni da wanda zan gaya wa. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, ni dai in Juma'a ta zo sai in ji gidan ya yi mini faɗi.

Da Babbar Salla Baba ya zo gida. Ran Juma'a ya dawo masallaci ya same mu zaune, don Kaka ta riga ta saba. Ya dubi faifan, ya dubi tarhon.

“Inna, wa ya cire wannan?”

“Ni mana. Wa ke jiran baƙo ya bar ƙofa a rufe?”

Ya fara dariya, sai kuma ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ashe in an ɗaga kan, kira ba ya shigowa. Duk Juma'ar da muke zaune, shi yana can tsaye a layin masu buga waya, ana ce masa gida bai amsa ba.

Yanzu 'ya'yana sun watsu, wani Legas, wata Abuja. Wayata na gefen filo, cike da caji. Wani lokaci nakan ba yaran maƙwabta su duba mini ko wani abu ya taɓu a ciki. Kullum sai su miƙo mini su ce, “Hajiya, lafiyarta lau.”